Garin da Ake Cire wa Takalmi

Mun tashi da asuba daga Rijiyar Lemo a Kano, ni da Inna, ta rungume wani kwano mai murfi kamar za a ƙwace mata. Wata yarinya 'yar asalin garinmu ce ta jawo tafiyar. Ta kama wani tsohon sito a Sabon Gari tana sake gina garin da yumɓu, gida-gida, kowanne bai wuce tafin hannu ba, tun bayan da ƙasa ta girgiza dutse ya zaftaro ya binne shi. Sharaɗinta ɗaya ne: kowane gida da ƙasar wurinsa za a kwaɓa shi. Inna ta ce ko da rarrafe sai ta ɗebo ta gidan mahaifinta, inda ƙanenta yake har yau, ba a tono shi ba.

Kuɗin mota kam sai dai a ce inna lillahi. Mu huɗu aka cusa a kujerar mutum uku, direban kuma ba ya kauce wa rami, sai ka ce gaisawa suke. A Birnin Kudu na sayi fura mai sanyi, Inna ta kurɓa sau ɗaya ta miƙo mini. Muka kwana a Gombe, washegari daga inda kwalta ta ƙare muka hau babur.

Wallahi ban ga gari ba. Jar ƙasa ce da manyan duwatsu tun daga gindin dutsen har rafi, ciyawa ma ta fara tsirowa. Ba katanga, ba bishiya, ba ko kaza. Wani dattijo cikin waɗanda suka tsira ya tare mu, ya ce mu cire takalma. Tun da aka kasa tono mutanen, malamai suka yi musu salla a nan, wurin duka ya zama maƙabarta.

Inna ta bi lissafin taku daga inda masallaci yake a da, ta tsaya, ta buɗe kwanonta. Dattijon ya ce, "Hajiya, a ina kika taɓa ganin an ɗebi ƙasar kabari an tafi da ita?" Ta daɗe a tsugune. Ta rufe kwanon. Ni na yi kukan, ita ko hawaye ba ta yi ba.

Abin da na koyo bai da daɗi: akwai rashin da ko abin tunawa ba ya bar maka. Muna sauka Kano muka zarce siton. Gurabe sun fi gidaje yawa, don duk wanda ya je da ƙafarsa haka ya dawo hannu wofi. Yarinyar ta ce tana iya gina namu da yumɓun Kano, ba wanda zai gane.

Inna ta nuna gurbin da yatsa. "A nan ƙanena yake. Kada ki ɗora masa komai, 'yata. Abin da ke kansa ya ishe shi."