Kwana Ukun da Aka Rufe Layin Dukawa

Ina zaune a zaure ranar addu'ar arba'in ɗin Baba, kawuna ya sunkuyo ya ce, "Ka ji an zaɓi layin masu hula? Za a gyara musu hanya, a sa fitilu, a kafa allo da sunan sana'arsu. Mu dukawa ba ma ciki."

Na ce, "Allah ya sanya alheri." Amma a baki kawai na faɗa.

Katanga ɗaya ce tsakanin layinmu da nasu, nan gindin Dala. Tun ina ƙarami nake ganin mun fi su. Su shiru ne, allura da zare. Mu kuwa tun daga bakin lungu warin jima zai tare ka, balle da damina. Baba na zaune bisa buzu, jar fata a cinyarsa, yana yanka takalmi ba awo. Ƙafarka kawai zai kalla. Na taɓa ce masa mu rubuta suna a ƙofa. Ya yi dariya ya ce, "Mai nemanmu hancinsa zai kawo shi."

Muna da al'ada: in babban baduku ya rasu, layin duka ake rufewa kwana uku, ba mai ɗaga wuƙa. Haka aka yi wa kakana, haka aka yi wa Baba. To, cikin kwana ukun nan ne masu zagayen duba layukan sana'a suka zo. Suka tarar da ƙofofi a garƙame, ba kowa, ba allo. Suka ɗauka sana'ar ta mutu, suka wuce gaba.

Yanzu an gama nasu. Ba zan ɓoye maka ba, ina kishinsu. Da la'asar adaidaita sahu na sauke baƙi, suna ɗaukar hoto, suna gwada huluna. Namu kuwa, shago biyu sun koma sayar da katin waya. Na daina bi ta layin masu hula, zagaye nake yi.

Wani tsohon mai hula, aminin Baba, ya tare ni ya ce, "Ɗana, kawo takalmanka mu rataya maka a wajenmu." Da alheri ya faɗa. Na yi godiya, amma ban kai ba. Ba na son aikin gidanmu ya zama baƙo a ƙarƙashin allon wasu.

Kawu ya ce in rubuta takarda, in roƙi masu zagayen nan su dawo su gan mu a buɗe. Na fara. Tana cikin akwatin kayan aikin Baba, kusa da takalmin da ya ɗinka ƙafa ɗaya. Har yau ban gama ta ba.