Kwana Uku da Baba, Daga Bakin Gulbi Zuwa Kufai

Mun bar Tudun Wada bayan sallar asuba, ni da mahaifina da ƙanwata. Likita ne ya ce Baba ya huta bayan doguwar jinya, shi ya sa muka nufi Bunguɗu, inda kawunmu yake da lambu a bakin gulbi. Tun da aka ba mu jiha motoci suka ƙaru a Gusau, mai kuma ya yi wuya. A galan na saya, mai sayarwa yana rantsuwa bai haɗa da kananzir ba, mota kuwa tana tari har muka isa.

Wurin ya yi mana daɗi. Ruwa ya ja baya ya bar farin yashi, muka shimfiɗa tabarma a inuwar mangwaro. Da hantsi matan rugage su kawo fura da nono, da rana a soya mana kifi. Baba ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba.

Rana ta biyu ya ce, "Gobe ku kai ni Kwatarkwashi, in ga kufan gidanmu."

Ƙanwata ta ce, "Baba, hutu aka ce, ba hawan dutse ba."

Ya ce, "Akwai kwanciyar da ke jirana, wadda ba tashi."

Na ce to, zan kai shi.

Da sassafe muka ratsa Gusau, muka wuce Damba, muka isa gindin dutsen Kwatarkwashi. Hawan ya ba mu wuya, Baba yana taku goma ya zauna. A sama ba kowa. Guntayen katangar duwatsu ne, da fasassun tukwane, da duwatsun niƙa da suka rarake. Baba ya kewaya sau biyu bai gane gidan ba. Sai ya zauna ya ce, "Kakata ta yi niƙa a ɗayan waɗannan. Ban san wanne ba." Daga nan ya shiga kiran sunayen mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya. Na rubuta su a bayan wani ambulan, muka yi musu addu'a.

Da muka sauko muka zarce Tsafe cin abinci. Tuwon dawa ne da miyar kuka, Baba ya cinye malmala biyu yana kushe miyar.

Mun dawo gida da la'asar, ƙafafunsa a kumbure, ƙanwata tana ta yi mini faɗa, kuma tana da gaskiya. Amma na gane hutun jiki daban ne, na zuciya daban, tsoho kuma duka biyun yake buƙata. Shekara arba'in ina wuce dutsen nan a mota ban san mutanena ne a kansa ba. Jiya na karanta wa 'ya'yana sunayen, babbar ta ce in maimaita.