Rijiya a Bakin Gulbi

A ƙasan unguwar Yantala ta Yamai, bayan garake, wato lambuna, akwai wata tsohuwar rijiya da ba ta fi jifan dutse daga gulbi ba. Bana mai filin ya ce zai cike ta ya yi gini kafin damina. Mu 'yan ƙungiyar tarihin unguwa muka kwashi ƙafa muka je roƙonsa. Ƙungiyar sa kai ce, ba wanda ya aike mu: akwai tela, akwai direban taksi, akwai 'yan lakwal, wato ɗalibai, sai ni da tsabar son jin ƙwaƙwaf ya kai ni. Ranar Asabar muke haɗuwa, mu bi tsofaffi gida gida muna ɗaukar muryarsu a waya.

Mai filin ya saurare mu tsaf, sannan ya ce, "Ku gaya mini wanda ya haƙa ta, da abin da ya sa. In tana da mai ita, zan bar mata kusurwa. In rami ne kawai, ƙasa za ta sha." Shugabanmu Malam Sumana, tsohon malamin makaranta, ya dube mu, mu ma muka dubi juna. Ba wanda ya sani. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne: wa zai haƙa rijiya alhali ga gulbi yana kallonsa? Ina hanyar gida na tuna inda na taɓa jin wannan tambayar.

Kakata mutuniyar Dogon Dutse ce, aure ya kawo ta Yamai tun tana budurwa. Ƙosai take soyawa a ƙofar gida da yamma. In sanyi ya shigo, ba ta kashe wutar bayan ta sauke kasko. Sai ta ja garwashin tsakar gida, mu jikoki mu kewaye shi da ɓurɓushin ƙosai a tafin hannu. Ba ta fara tatsuniya sai ta goge hannu da gefen zane, ta ce, "Ga ta nan, ku kama ta kada ta gudu." Mu ce, "Mun kama, Kaka!" Tana da ta kura, tana da ta zomo, kuma kowa a cikin labarinta da sunansa, har jakin mai gishiri. In ta kwaikwayi kukan kura sai ƙanena ya shige bayana, ni kuwa in tambaya ko kurar nan tana da miji.

"Ke yarinyar nan, tambayarki ta fi ta jandarma," in ji ta. "Ki bari labari ya sha iska mana."

Akwai guda ɗaya da ba ta cika bayarwa ba, sai ta ga dama. Wai wata baƙuwa ce ta zo wani gari na bakin ruwa, ba ta jin yaren mutanen garin. Tana da 'ya ɗaya, mai wayo, wadda ta riga uwar koyon yaren har ita ke yi mata ciniki. Wata rana da ruwa ya cika, uwar ta aiki 'yar da tulu. Aka ga tulun yana yawo a kan ruwa, yarinya ba a gan ta ba. Uwar ba ta yi kururuwa ba. Ta ɗauki hauyar mijinta, ta koma gefe kaɗan, ta fara haƙa. Matan gari suna wucewa suna cewa, "Baƙuwa ta zautu, ga ruwa tana neman ruwa." Ta ce musu ruwan da ya ci 'yarta ba zai wuce ta maƙogwaronta ba. Da masu garka suka ga da gaske take, suka zo da nasu kayan suka kama mata, har ruwa ya ɓullo. Daga ranar ba a sake aiken yaro gulbi da tulu ba a unguwar.

A nan Kaka takan tsaya, ta tona garwashi da tsinke. Ni kuwa in ce, "Kaka, yaya sunan yarinyar?"

"'Yar nan dai."

"Ai jaki ma yana da suna!"

"To je ki tambayi jakin. Ta ƙare, kowa ya nemi tabarmarsa."

Wallahi abin yana ba ni haushi. Na sha raɗa wa yarinyar suna da kaina, in ce ko Hajo ce, ko Lantana, Kaka ta yi kamar ba ta ji ba.

Da na kai wa ƙungiya wannan labari, telanmu ya yi dariya ya ce yanzu kuma tatsuniya za mu kai wa mai fili? Malam Sumana bai yi dariya ba. Ya ce dokarmu ita ce a nemi baki na biyu. Kaka ta daɗe da rasuwa, babana ma haka, saboda haka muka shiga garake muna tambaya, har aka nuna mana gidan Inna Gambi, wata tsohuwa Bazabarma da ta yi rayuwarta tana sayar da ganyen salati. Idonta ya tafi, amma kanta garau.

Na gaishe ta, na ba ta labarin kamar yadda na ji shi. Sai ta tambaye ni da Hausarta ta kasuwa, "Wa ya ba ki wannan?"

"Kakata, Inna. Mai ƙosai ta wajen masallaci."

"Ayyo! Ita ce ai. Ita ta haƙa. Yarinyar ƙawata ce, tare muka tafi gulbi ranar. Ni na dawo."

Na ce, "To me ya hana ta faɗin sunan?"

Tsohuwar ta tafa hannu. "Ke ba Bahaushiya ba ce? A ina kika ga uwa ta kama sunan 'yar fari? Ko tana raye ba ta faɗa, balle ta tafi." Ta juyo da fuska wajena. "Ramatu ake ce mata. Ke wace ce sunanki?"

Malam Sumana ne ya amsa mata, a hankali, ya ce ni ma Ramatu ce. Na yi kuka a gidan mutane, ban ji kunya ba.

Mai filin ya cika alkawari. Ya ja katangarsa baya, 'yan ƙungiya suka yi aikin gayya suka ɗaure bakin rijiyar da siminti.

Da na shiga ƙungiyar nan, na ɗauka tarihi shi ne abin da tsofaffi suka faɗa, aikinmu mu danna waya mu ɗauka. Yanzu in tsohuwa ta zo wani wuri ta kauce, nakan taɓa ɗalibin da ke kusa da ni in ce kada ya matsa mata, mu lura da wurin, mu je mu tambayi maƙwabta. Sau da yawa abin da ya fi mata nauyi yana nan.

Abu ɗaya ne ba wanda zai iya ba ni amsarsa. Ban san yadda Kaka take ji ba in na tsare ta da ido ina neman sunan. Duk wuni ana ƙwala shi a tsakar gidanta, a aike ni, a tsawata mini, a kira ni cin tuwo, tana zaune tana ji. Sai yanzu na lura, tun da nake da ita ba ta taɓa kirana da shi ba ko sau ɗaya.