Kwanon Baƙo na Ya Fanna

Shekarar da mutanen bakin kogin Komadugu suka watse, Ya Fanna ta zo Diffa da ɗanta Laminu da jikoki, suka kama haya jikin gidanmu. Daga wani ƙauye kusa da Geskeru suka fito, inda suke noman tattasai tun kakanni. Abin da ta tsira da shi madambacin ƙasa ne da akushi. Ni Balkisa, 'yar Damagaram, matar mai shago, da na ga kayan sai da na yi dariya a zuci. Wa ke gudun rai da madambaci?

Ranar da na ɗanɗani burabuskonta na daina dariyar. Tsakin gero take turarawa a kan murhun duwatsu, ta yi ta yayyafa ruwa tana murza shi da hannu har ya yi washar-washar. Miyar busasshiyar kuɓewa da bandar kifi, tattasai ta daka shi da kanta, man shanu a ƙarshe. Laminu ya taɓa kawo mata murhun gas, ta ce abincinsa ba ya da ƙanshin gida, ta kife kwando a kansa. Tana tuƙi tana ba ni labarin ƙauyensu, yadda ake shanya tattasai har ƙasa ta koma ja, da yadda masu jiran kwalekwale ke zama a zaurensu.

A can, kowace rana kafin 'yan gida su ci, ana zuba kwanon baƙo a ajiye a zaure, ƙofa buɗe. Duk wanda hanya ta biyo da shi ya ci, kuma ba a tambayar sunansa sai ya ƙoshi. Wannan al'ada ce ta kawo mana Diffa, a lokacin da mai unguwa ya yi shela cewa duk baƙuwar fuska a kai rahotonta, kuma wanda aka kama yana ciyar da mutanen daji, wato 'yan bindiga, zai yi bayani gaban masu kaki.

"Ya, don Allah ki bari," in ji Laminu. "Idan abu ya ɓaci, ni za a ɗauka, ba ke ba."

"Uwata ba ta rufe zaure ba," ta ce. Iyakar amsarta ke nan.

Ni ma na yi mata faɗa, na ce a cikin kartiye guda muke, wato unguwa ɗaya, wutarta za ta ci katangata. Ta saurare ni tsaf, ta ƙara mini miya.

Wata rana bayan azahar na shiga kai mata kanwa. A zaure na tarar da mutum zaune, ramamme, ƙafafu duk faso, sanye da babbar riga a cikin wannan zafi. Rigar na tsaya ina kallo, don a shekarun nan kowa ya san abin da ake ɓoyewa a ƙarƙashin irin ta. Jikoki na wasa a tsakar gida, Laminu yana kasuwa. Na kasa gaba, na kasa baya.

Ya Fanna ta fito da kwanon sha. Da na dubi fuskarta na gane ita ma tsoron take ji, ko ma ta fi ni. Amma ta durƙusa ta ajiye, ta yi masa wushe, sannunsu ta Barebari, ba ta tambaye shi komai ba.

Ya cinye abincin kwanon baƙo tas, ya suɗe yatsu. Sai ya ɗago ya ce, "Ya Fanna, hannunki bai canja ba. Ina Laminu?"

Babu wanda ya faɗi sunanta a gabansa. Na jingina da bango ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

"Na ci a zaurenki can ƙauye, lokacin ina bin masunta," ya ce. "Ki gaya mishi kada ya sauka gona tsinkar tattasai a wannan mako. Kada kowa ya sauka." Ya miƙe ya fita, bai waiwayo ba.

Da Laminu ya dawo la'asar ya ji, ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Shi da maƙwabtansu na ƙauye sun riga sun shirya komawa gonaki su kwashe abin da ya nuna. In ya yi shiru, mutane za su tafi. In ya yi magana, za a tambaye shi wa ya gaya masa, a gidan wa kuma ya ci abinci. Ya sa hularsa ya nufi gidan mai unguwa, daga can aka wuce da shi wurin masu kaki don tambayoyi.

Babu wanda ya sauka gona a makon nan, kuma an ji ƙarar harbi daga wajen kogi. Laminu kuwa bai dawo ba. Kwanakin nan Ya Fanna ba ta hura wuta ba, ni nake kai wa yara shinkafa. Tana zaune bakin ƙofa, duk motar da ta shigo layi sai ta miƙe. Wallahi na ji haushinta, na kuma ji tausayinta har na yi kuka.

Da aka sallame shi ya dawo, ya rame, muryarsa ta dushe. Bai ɗaga mata murya ba. Ya durƙusa gabanta ya ce, "Ya, ko ni ko zauren." Ita da hannunta ta tura sakatar zauren.

Har yau tana dafa burabusko, kuma har yau babu kamarsa a kartiyenmu. Sai dai in tana awon tsaki, hannunta kan ɗebo ƙarin tafi guda bayan na 'yan gida. Takan tsaya da shi a sama, ta dubi ƙofa, sannan ta mayar da shi cikin buhu.