Katin da Ya Ceci Zauren Malam Isiyaku

Har gobe ba zan manta da ranar Talatar da Hajiya Rabi ta shigo shagonmu na Kwarbai da tsohuwar kyamara a cikin jakar hannu ba. Shekarar da aka ƙara mini girma ce, na tashi daga mai ɗaukar bidiyo na koma mai tacewa, wato wanda ke zama gaban kwamfuta yana yankawa da haɗawa. Manajanmu a lokacin Alhaji Bello ne, kuma ko allura ba a saya a shagon sai da sa hannunsa.

Hajiya tsohuwar shugabar makarantar firamare ce. Mijinta, marigayi Malam Isiyaku, magini ne, shi ya gina zauren gidansu da hannunsa. To zauren ya tsage, ga damina ta kusa, dangi sun sa ranar Juma'a za su zauna su yanke shawarar rushe shi a yi na bulo. Ɗanta Injiniya Nura yana son a gyara, amma babu wanda ya san yadda marigayin ya jera azara a cikin bakan rufin. Sai ta tuna an taɓa ɗaukarsa a bidiyo yana aikin.

Ta ce, "Ɗan nan, fito mini da abin da ke cikin kaset ɗin nan kafin Juma'a."

Ku da kuka taso da waya a hannu sai na yi muku bayani. Irin wannan kyamara ƙaramin kaset take ci, kuma bidiyonta ba ya bin wayar jonawa da muka saba tura hotuna kwamfuta da ita. Tana da ƙofarta daban, ana kiranta fayawaya. Kwamfutocinmu kuwa babu mai wannan ƙofa. Allon kyamarar ma ya mutu, balle mu kalla a jikinta.

Alhaji Bello ya ce a yi odar akwatin juya bidiyo daga Legas. Na ce, "Ranka ya daɗe, kafin ya iso an yi Juma'a biyu. Kati mai wannan ƙofa kawai muke buƙata, a soka a cikin kwamfuta, kuma ba shi da tsada."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Abu mai araha a kan kaset ɗin da ba shi da na biyu? In ya cinye fa?"

"Kati ba ya taɓa kaset, Alhaji. Hanya ce kawai."

Ya sa hannu, amma ya ce in abin ya ƙi, ni zan yi wa Hajiya bayani da bakina.

Kafin in fita na kwance murfin kwamfutar, na ɗauki hoton ramukan da ake soka kati. Na hau keke zuwa Sabon Gari, shagon wani dillalin kayan kwamfuta da muke kira Oga Chidi. Ya fara miƙo mini kati a kwali mai ƙyalli, shi ne mafi tsada. Na gwada da hoton, na ga ƙafarsa doguwa ce irin ta da, ramin namu kuwa gajere. Ya kawo wata wayar jonawa, ya ce da ita ba sai an sa kati ba. Na ce, "Oga, ka taɓa ganin ta yi aiki da idonka?" Ya yi dariya ya mayar da ita. Can ƙasan durowa ya tono wani ko kwali babu, a leda kawai. Ƙafarsa gajera, na karanta lambar ƙwaƙwalwarsa na ga irin wadda masu aikinmu suka shaida tana jituwa da kyamarori. Shi ne mafi araha a cikinsu. Na haɗa da waya mai babban kai a gefe ɗaya, ƙarami a ɗayan.

Washegari da hantsi Hajiya ta dawo tare da Injiniya. Na soka katin, na kashe kyamarar kafin in jona waya, don jonawa tana kunne kan ƙona ƙofar. Na kunna. Kwamfuta ta yi shiru. Sai ta yi ƙara ɗaya, ga Malam Isiyaku ya bayyana a allonta, a kan tsani, hula a karkace, yana wa mai ɗaukar faɗa: "Kai, azarar za ka nuna, ba hancina ba!"

Hajiya ta fashe da dariya har da hawaye. "Shi ne! Wallahi haka yake, ko a hoto sai ya yi faɗa."

Kaset na awa guda awa guda yake ɗauka kafin ya shige, ba a gaggauta shi. Babu wanda ya motsa. Marigayin ya nuna yadda kowace azara ke hawa kan 'yar'uwarta, da inda ake ɗaurewa kafin a shafe da ƙasa. Injiniya yana ta zane a bayan ambulan, yana cewa, "Ashe nan ne! Wannan ai gyaran kwana uku ne." Alhaji Bello da kansa ya aika aka sayo mana fura.

Ranar Juma'a aka kunna wa dangi bidiyon a cikin zauren. An ce babban wan marigayin, wanda ya fi kowa son a rushe, shi ya fara cewa a nemo azara.

Tun daga ranar na daina tambayar dillali wanne ya fi kyau. Nakan fara duba abin da ke gabana, in san raminsa da ƙofarsa, sannan in nemi wanda ya dace da shi, ko a leda yake. Kuma idan dattijuwa ta miƙo muku tsohon kaset, ku karɓa da hannu biyu, don ba ku san wanda ke ciki yana jiran ya yi magana ba.