Firjin da ya hana Sabo zuwa sujada

Sabo mutumin Zuru ne, noman albasa ya kawo shi Aliero, kuma katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, saboda haka duk shirmen da ya yi a kunnena ya yi shi. Da shi mutum ne mai sauƙin kai. Ran Lahadi shi ke riga kowa zuwa ƴar majami'armu, ya share, ya jera benci, ya ɗora waƙa da muryar nan tasa mai korar kaji.

Sai aka ƙirƙiro jihar Kebbi, ma'aikata suka dinga wucewa ta Jega da kaya niƙi-niƙi a kan mota. Nan Sabo ya hango firji, fari fat, zuciyarsa ta tafi. Da ya sayar da albasar shekarar, sai ga shi da wani tsohon firji a kan amalanke. Jama'a, unguwarmu fa ko sandar wuta babu! Matarsa Gudiya ta tambaye shi me za su sanyaya, ya ce ita ba ta san zamani ba.

Ya kafa shi a tsakar ɗaki, ya yafa masa zanen Gudiya mai kyau, ya sa masa kwaɗo. Baƙo in ya zo, sai ya gaida firji kafin a ba shi ruwa. Sujada kuwa ta gagara, wai in ya fita ɓarayi za su shigo. Fasto ya zo har gida, Sabo ya yi ta nuna masa yadda ƙofar ke mannewa. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce wa Sabo ko Yesu ne ya ƙwanƙwasa masa ƙofa, cewa zai yi a dakata ya nemo makulli.

Babban shirmen shi ne albasar iri, wadda da ita zai yi noman baɗi. Kowa a Aliero ya san a rumfar kara ake shanya ta, iska na ratsawa. Sabo ya ce tasa ta wuce zaman rumfa. Ya cusa ta kaf cikin firji, ya danna kwaɗo, ana tsakiyar bazara. Lauwali, maƙwabcin gonarsa, ya yi masa magana har ya gaji.

Wari ne ya tona asiri. Sabo ya ɗora wa ɓera laifi, ya ɗora wa akuyata, har dai Gudiya ta kwashe tukwanenta ta dawo girki a gidana. Ran da ya buɗe, baƙin ruwa ya malalo har bakin ƙofa, ko ƙwaya ɗaya ba ta tsira ba. Na zo da niyyar dariya, amma da na ga yadda ya zauna a ƙasa, tausayi ya kama ni.

Lahadin da ta biyo baya Sabo ya miƙe a majami'a, har yanzu yana ɗan tashin albasa. Ya ce ba shi da iri, baɗi ƙodago zai yi a gonar Lauwali. Muka zuba masa ido, muna jiran kuka.

"Na ɗauka duk abin da nake da shi yana cikin akwatin nan," in ji shi. "Na buɗe, ba komai. Amma da na durƙusa in yi addu'a, sai na tarar Ubangiji bai ruɓe tare da albasar ba."