Surukuta a Tsakiyar Teku

Shekarun baya, aurenmu bai daɗe ba, mahaifiyata ta kawo mana ziyara nan Greensboro daga Maraɗi. Zuwanta Amurka na farko ke nan, kuma ranar ta fara ganin mijina ido da ido. Shi baƙin Ba'amurke ne, haifaffen East Greensboro, Musulmi tun kafin mu haɗu. Lokacin ɗaurin aure kawuna ne ya tsaya min. Mama kuwa ta waya ta ce "Allah ya ba da zaman lafiya," da irin muryar da take yi wa mai talla in ba za ta saya ba.

Ku da kuka tashi a gida kun san yadda uwa take da mijin 'yarta. Mijin yayata ɗan unguwarmu ne, a gabanta ya girma, amma tun da ya auri yayata Mama ba ta ƙara kiran sunansa ba, ba ta taɓa kai loma baki a gabansa ba. In ta ji sallamarsa a zaure sai ta ja mayafi ta shige ɗaki, su gaisa ta bayan labule. Abin da nake jira ke nan a yi wa nawa mijin.

Ina! Tun a filin jirgi ta dube shi sama da ƙasa, ta kira sunansa gatsal, ta miƙa masa jakarta kamar ɗan dako. A gida ta baje a falo tana cin tuwo yana zaune, har da suɗe yatsa. Ta aike shi ya kunna mata talabijin, ta aike shi ya ɗauko mata buta. Tana koya masa Hausa, in ya karya harshe ta yi ta dariya har da buga cinya. Shi kuwa bawan Allah murna kamar ya taka rawa. Ya je wurin aikinsa, wani katafaren sito a titin Wendover, ya cika abokan aikinsa da labarin yadda surukarsa ke ji da shi.

Ni kaɗai na san fassarar abin, kuma yana cina a rai. Wata rana da safe ya fita aiki, na tare ta a kicin.

"Mama, wai ke ba kya jin nauyinsa ne?"

"Nauyin mi?" in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi daga yankan albasa ba. "Su ina suka san wannan? Yaro ne mai daɗin sha'ani, ban ce ba. Ke dai ki gama abin da ya kawo ki ƙasar nan, gida na nan yana jiranki."

Wato a wajenta auren nan wani abu ne da nake yi kafin in dawo hayyacina. Raina ya ɓaci ƙwarai, na fice na bar mata kicin ɗin. Shi kuwa ban gaya masa komai ba. Ta ina zan fara?

Ana saura kaɗan ta koma, ya ɗauki hutu ya ce zai kai mu yawon buɗe ido wasu tsibirai na Amurka da ke can kudu cikin teku, inda ba sai an nema mata wata biza ba. Mama ta ce, "Ruwa gaba ruwa baya, mi za mu je nema?" Amma ita ta riga kowa haɗa kaya.

Tsibirin farko lafiya lau. Zafi irin na gida, ga mangwaro, ga kaji suna yawo a titi ba mai korarsu, har ta ce mutanen nan sun fi na Greensboro hankali. Sai ranar da za mu tsallaka wani tsibirin a jirgin ruwa mai gudu. Ƙarami ne, inji biyu a baya, rumfar tamfol a sama, benci ta kowane gefe. Sauran fasinjojin duk 'yan hutu ne, kowa da ɗan guntun wando. Mama kuwa ta caɓa ado da sabuwar atamfa, ɗauri ya tashi sama, ga mayafi, kamar mai zuwa suna. Da ƙyar ta yarda aka sa mata rigar nan mai hana nutsewa, wai za ta ɓata mata guga.

Direban jirgin ya ce manya su zauna baya, can ne ba a jin jijjiga sosai. Mijina ya zauna kusa da ita. Ni kuwa, uwar iyayi, na wuce can gaba, wai zan ɗauki bidiyo in tura wa ƙawayena su ji haushi. Har ina ce wa Mama kada ta ji tsoro, ni na saba. Alhali tsawon zamana a ƙasar nan ruwan da na saba da shi bai wuce na wanka ba.

Muna fita daga gaɓa jirgin ya ɗaga hanci. Ya tashi sama, ya faɗo tim, ya sake tashi, kamar tsohuwar mota a hanyar ƙauye bayan damina, sai dai wannan ba inda za ka ce a tsaya ka sauka. Tun ina ihun daɗi har na koma salati. Ban san sa'ad da na cusa wayar a jaka na rungumi leda ba. Duk abin da na ci da safe sai da ya dawo, ni da na saba.

Cikin haka na jiyo muryar Mama, ba salati ba, wata 'yar ƙara ce da ban taɓa jin ta yi ba. Na waiwaya. Iska ta fizge mayafin, ta haɗa da ɗankwalin, ina hango su can baya a kan ruwa. Kan Mama a buɗe. Furfura ce fat, gashin ya kakkarye, gaban goshin duk ya zube. Mu 'ya'yanta ma tun rasuwar Baba ba kasafai muke ganin kan nan ba. Ga amai ya ɓata mata gaban riga. Hannuwanta biyu suna ƙanƙame da ƙarfen jirgin, in ta saki ɗaya za ta faɗi, don haka ko tafin hannu ba ta iya ɗorawa a ka ba. Na ga fuskarta. Wallahi ba tsoron mutuwa ba ne a wurin, ta fi son tekun ta haɗiye ta a kan mutanen nan su gan ta haka. Ga wani Bature a bencin da ke fuskantarta ya ɗaga waya yana ɗaukar igiyar ruwa, ba da wata manufa ba, amma tana cikin hoton.

Na yunƙura zan tashi, jirgin ya maka ni a benci, direba ya daka min tsawa in zauna. Ina ji ina gani ba abin da zan iya yi wa uwata.

Sai na ga mijina ya kwance rigar ruwansa, ya tuɓe tasa rigar mai dogon hannu. Ya kau da fuskarsa can wajen teku. A haka, da lalube, ya lulluɓa mata rigar a ka, ya ɗaure hannuwan rigar a ƙarƙashin haɓarta. Direba na ta masa faɗa ya mayar da rigar ruwa, ya mayar. Daga nan ya sauko daga benci ya durƙusa a gabanta, ya ba ta baya, ya dafe ƙarfe hagu da dama. Mutum ne mai faɗin kafaɗa, ya tare ta gaba ɗaya. Ya yi wa mai wayar nan magana a hankali, mutumin ya sauke ta yana ba da haƙuri. Ya zaro gorar ruwa ya miƙa mata ta bayansa.

Haka ya tsaya har muka isa. Duk faɗowar da jirgin zai yi a gwiwarsa take ƙarewa, ruwan gishiri na dukansa a fuska. Bai waiwaya ba. Kuma ya yi karatun addini, ya san babu laifi a kansa in ya ga gashin uwar matarsa.

Da jirgi ya tsaya shi ya fara sauka, yana ɗingishi, ya ce bari ya je neman tasi, ya yi gaba abinsa. Ga tasi nan jere a gabanmu. Na ja Mama zuwa banɗakin tashar, ni ma ina tangaɗi, na wanke mata riga da fuska. Sai da na kusa gamawa ta tambaye ni.

"Ya gani?"

"Bai duba ba, Mama."

"Ko sau guda?"

"Ko sau guda."

Ta dubi famfo. "Ke kika koya mishi?"

Na ce wallahi ba ni ba ce.

Muna fitowa ya dawo da wani zane da ya saya a rumfar 'yan tsaraba, irin wanda mata ke ɗaurawa a bakin ruwa, shuɗi da hoton aku manya-manya. Ni ya miƙa wa, ba ita ba. Haka Hajiya guda ta yini a tsibirin nan da aku a ka, ba wanda ya isa ya yi dariya.

Da rana aka kawo mana shinkafa da soyayyen kifi. Mama ta ce ta ƙoshi. Na ɗauka tashin zuciya ne, na sa aka ƙunshe mata. Da yamma muka koma a babban jirgi mai tafiya a hankali, ta wuce can ƙarshe ta zauna ita kaɗai. Muna isa otal ta rufe ƙofar ɗakinta ta cinye abincin tas, har ƙaya ta tsotse. Ban gane ba tukuna.

Sai da gari ya waye. Ina ɗakinta ya ƙwanƙwasa don ya gaishe ta kamar kullum. Kafin in buɗe ta yi wuf ta ja mayafi har goshi, ta juya ta fuskanci bango. Ya ce, "Ina kwana, Mama," da karyayyar Hausarsa, yana jiran ta yi masa dariya. Ta amsa can ƙasa-ƙasa. Sannan ta ce da ni, "Ki ce ma maigidanki an gode da ɗawainiya. Allah shi yi albarka."

Maigidanki. Na shige banɗaki na saki famfo don kada su ji, na yi kuka mai isata.

Shi kuwa hankalinsa ya tashi. Bayan mun dawo Greensboro in ya shigo falo sai ta tashi, in yana gida ba ta cin abinci sai a ɗaki, aike ya ƙare, darasin Hausa ya ƙare. Wata rana mun fito sayayya mu biyu, mun maƙale a cunkoson motocin Wendover, ya kasa daurewa.

"Ki gaya min gaskiya, me na yi wa Mama? Don na taɓa kanta ba izini ne? In haƙuri ne zan ba ta."

Dariya ta kama ni, ga hawaye. Na zayyana masa komai, har da labarin mijin yayata da labule. Na ce ai yanzu ne ta karɓe ka.

Fitilar hanya ta ba mu hannu bai ja motar ba, har na baya suka fara mana ham. Da muka wuce fitilar ya ce, "To duk dariyar nan ta da fa? Duk hirar nan?"

Nan dariyata ta tsaya. Ƙarya ba ta zo min ba, na ce masa a lokacin baƙo ta ɗauke shi, wanda zai wuce. Na ga abin ya soke shi.

"Ni kuwa ina jin daɗin hirar," in ji shi. "Tun da mahaifiyata ta rasu ba wanda ya ƙara aikena in ɗauko masa wani abu. Yanzu shi ke nan?"

Na ce shi ke nan, ka zama suruki.

Wannan maganar tasa har yau tana dawo min. Na ƙwallafa rai a kan Mama ta ji kunyarsa, na yi addu'a a kai, na yi fushi a kai, amma ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina me zai rasa in hakan ta faru ba. Ni na samu abin da nake so. Shi an ba shi girma irin namu, wanda bai roƙa ba, aka karɓe masa tsohuwar da ke tsokanarsa tana tura shi ɗauko buta. A wurinmu in an ɗauke ka da daraja sai a ja baya da kai. A wurinsu sai a jawo ka jiki. Na zauna tsakanin biyun nan shekara da shekaru, kuma ban isa in ce muku ga wanda ya fi ba.

Yanzu Mama ta tsufa sosai, tafiya ta gagare ta. Ranar Lahadi muke kiranta ta bidiyo. Muna cikin hira, da ta ji motsin shigowarsa sai ta ajiye wayar tana kallon sama, ba abin da muke gani sai silin ɗakinta da fanka. Shi kuma ya cire takalmi, ya durƙusa a gefen kujera inda ko kyamarar ba ta kai ba, ya gaishe da fankar nan cikin ladabi, ya tambayi jiki, ya tambayi zafi. Ita kuma ta yi ta jero masa addu'a, doguwa, wadda ni 'yar cikinta ban taɓa samun rabinta ba. Yana ta "amin, amin," kansa a ƙasa.

Kwanan baya, bayan an kashe wayar, bai tashi nan da nan ba. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Yaya fuskarta take yanzu? Ta rame?"